Yadda ake tsara menu da maɓallai a cikin VR ba tare da ka sa wa mutane jiri ba

Ranar da na fara haɗa menu, wato jerin zaɓuɓɓukan da ake dannawa, a cikin VR, fasahar nan da zaka sa tabarau a fuska ka ga kamar kana cikin wata duniya, ƙanina na ba wa ya gwada min. Yaro ne da ke buga gem a waya tun safe har dare, nace in akwai wanda zai gane kan abin nan da wuri to shine. Ya ɗora tabarau ɗin a fuska, ya tsaya tsakiyar ɗaki, sai naga yana ta juya kai hagu da dama kamar mai neman wanda ya kira sunansa a kasuwa, can yace "Yaya, rubutun nan na gefe fa guduna yake yi, duk inda na juya sai ya matsa." Bai kai minti biyar ba ya cire, ya je bakin ƙofa ya zauna yana shan iska wai zuciyarsa na tashi. Wallahi abin ya dame ni, don ni na jawo masa. Na ɗauki menu na liƙa a jikin kyamara, wato idon da mutum ke kallon duniyar cikin manhajar da shi, kamar yadda ake yi a gem ɗin waya, wato duk inda kansa ya juya menu ɗin na biye da shi, shi kuma abin da yake son karantawa yana can lungu inda ido ba ya kaiwa sai an juya wuya.

To tun daga ranar na daina kallon aikin nan a matsayin zanen sikirin. A waya kana da allo mai kusurwa huɗu, ka san faɗinsa ka san tsawonsa. A VR babu allo, mutum ne tsaye a cikin wuri, kuma ma'auninka shine jikinsa: idonsa, wuyansa, kafaɗarsa, da ɗan abin nan na cikin kunne da ke gaya wa mutum ko a tsaye yake ko yana tafiya. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya samo asali. Zan yi misali da Unity, manhajar da ake haɗa gem da ita, da tabarau na Meta Quest don su na fi riƙewa, amma lissafin ɗaya ne ko Unreal kake amfani da shi ko Godot ko A-Frame na burauza.

Abu na farko, ka sauke menu daga fuskar mutum ka ajiye shi a cikin duniyar. A Unity in ka ƙirƙiri Canvas, wato allon da ake jera rubutu da maɓallai a kai, ka canza shi zuwa World Space, saitin da ke ajiye shi a cikin duniyar, kar ka sa shi ƙarƙashin kyamara. Ya zama kamar allon makaranta da aka kafa a wuri ɗaya, in mutum ya juya baya ya bar shi a nan, in ya juyo ya same shi. In kana tsoron kar ya ɓace masa, akwai hanya ta tsakiya: ka bar allon a tsaye har sai mutum ya juya sosai ya daina ganinsa, sannan ya biyo shi a hankali ya sake tsayawa a gabansa. A hankali fa nace, kuma ta gefe kawai, kar ya dinga bin ɗaga kai da sunkuyawa.

Sai nisa. Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure don suna ganin in abu ya matso kusa zai fi karantuwa. Ka ɗaga yatsanka ka kawo shi kusa da hanci ka kalla, zaka ji idanunka biyu sun karkato ciki, kuma kowane ido ya gyara kansa don ya ga abu na kusa. A rayuwa waɗannan abubuwa biyu tare suke tafiya. A cikin tabarau kuwa gilashin an saita shi a nisa guda da ba ya canzawa, wajen mita ɗaya da wani abu zuwa biyu, to in ka kawo maɓalli santimita 30 daga fuska idanu zasu karkato ciki amma gyaran gani yana can nesa, ƙwaƙwalwa ta rikice, bayan ɗan lokaci sai ciwon kai da nauyin ido. Shi yasa tsohon jagoran da Oculus, masu ƙera tabarau na VR, suka fitar wa masu haɗa manhaja ya ba da shawarar abin da mutum zai daɗe yana kallo ya zauna tsakanin santimita 75 da mita 3.5, Microsoft kuma a tabaransu na HoloLens mita 2 suka saita. Ni dai mita 2 nake farawa da shi ga duk allon da za a nuna da leza, wato siririn hasken da ke fita daga rimot ɗin hannu, a karanta, sai in gwaji ya nuna min wani abu daban.

Tsayi kuma kar ka sa tsakiyar allon daidai saitin ido ko sama da shi, ka ɗan sauke shi ƙasa kaɗan, don idon mutum in ya huta ƙasa-ƙasa yake kallo, kuma ɗaga kai da nauyin rabin kilo a goshi ba wasa bane. Quest 2 giram 503 ne. A gefe ma haka, wuya yana juya kamar digiri 30 hagu ko dama ba tare da takura ba, in ya wuce haka an fara aiki. Abin da ake taɓawa kullum ya zauna cikin wannan tsakiyar, saituna da abin da ba a cika nema ba su koma gefe. In allon yana da faɗi sosai ka lanƙwasa shi ya zagayo mutum kamar bakin kwarya, yadda gefe da tsakiya zasu zama nisa ɗaya daga ido.

Yanzu ga inda nafi so mu daɗe, girman rubutu da maɓalli, don nan ne lissafin waya ke rushewa gaba ɗaya. In wani yace maka rubutunsa fiksal 16 ne, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto a allo, a VR bai faɗa maka komai ba, sai ka tambaye shi a wane nisa. Harafi mai tsawon santimita 5 a mita 2 da harafi mai santimita 10 a mita 4 a ido girmansu ɗaya. Mutanen Google lokacin da suke aikin Daydream, tsarinsu na VR, sun kawo wani ma'auni a 2017 da suka kira dmm, ma'anarsa milimita ɗaya in an kalle ta daga mita ɗaya. Daydream ɗin dai sun rufe shi a 2019 amma ma'aunin har gobe yana aiki. Shawararsu itace rubutun karatu ya kai dmm 24, wurin da za a danna kuma ya kai 64 a tsaye 64 a kwance, da tazarar 16 tsakanin maɓalli da maɓalli. Kaga kenan in allonka na mita 2, sai ka ninka biyu: rubutu milimita 48, kusan santimita 5 kenan, maɓalli kuma kusan santimita 13. Da farko zaka ga kamar yayi girma da yawa, musamman a kan kwamfuta, amma ka sa tabarau ka gani.

Ga dabarar da ke sauƙaƙa min. A Unity awo ɗaya mita ɗaya ne. In na ajiye Canvas a mita 2 sai in sa sikelinsa, wato saitin girmansa, ya zama 0.002 a duka ɓangarori uku, shikenan kowane awo ɗaya a cikin Canvas ɗin ya zama dmm ɗaya, sai in rubuta 24 a girman rubutu, 64 a maɓalli, ba sai na sake wani lissafi ba. In na matso da shi mita ɗaya da rabi sai sikeli ya koma 0.0015. Kuma allo mai faɗin 1000 a wannan tsarin yana cin kamar digiri 53 na gani, wato 26 da ɗoriya kowane gefe, ya shiga cikin talatin ɗin nan da muka ce wuya ba ya wahala. In ba ka kusa da kwamfuta kana son ka ƙiyasta, miƙe hannunka ka kalli babban yatsa, faɗinsa kamar digiri 2 ne, maɓalli mai kyau ya kusa yatsa biyu.

Dalilin da yasa rubutu ke buƙatar wannan girman shine allon cikin tabarau bai kai ido kaifi ba. Quest 2 na da fiksal 1832 da 1920 a kowane ido, adadin kamar da yawa, amma an shimfiɗa su a faɗin gani mai yawa, sai ya zama kamar fiksal 20 ne a kowane digiri, Quest 3 da ya fito 2023 kamar 25, alhali lafiyayyen ido yana rarrabe wajen 60. To siririn rubutu mai ƙwalisa rawa zai dinga yi yana ƙyalli. Ka zaɓi font, wato salon haruffa, mai kauri marar ado, ka rage surutu, layi ya zama gajere. Kuma kar ka sa fari tas a kan baƙi ƙirin, musamman a Quest 2 da gilashinsa ke da zobba-zobba a ciki, haske zai dinga yin wutsiya yana bazuwa. Toka mai duhu a baya da fari mai ɗan laushi a gaba ya fi daɗin ido.

In da Hausa kake rubuta menu ɗin, dan Allah ka duba haruffa masu lanƙwasa kafin ka yi nisa. TextMeshPro, kayan rubutu na Unity, yana ɗaukar haruffan da ka zaɓa ne ya zuba su a hoto guda, in ƙ da ɗ da ɓ ba sa ciki, ko font ɗin ma ba shi da su, akwati zaka gani a madadinsu, "Buɗe" ya koma Bu da akwati da e. Noto Sans na da su, Andika ma na da su. Ka tabbatar ka saka manya da ƙanana duka, Ƙ Ɗ Ɓ, har da ƴ saboda 'yan'uwanmu na Nijar da ita suke rubutawa inda mu muke sa 'y. Sannan kalmominmu sukan fi na Turanci tsawo, maɓallin da aka yanka daidai kalma mai harafi huɗu ba zai ɗauki "Ci gaba da wasa" ba, ka bar masa wurin numfashi tun farko. In ajami kake so kuma wannan aiki ne na daban, don haɗa haruffa daga dama zuwa hagu sai ka nemi ƙarin kayan aiki ka ɗora.

To an ajiye allo, an gyara girma, saura yadda za a taɓa. Hanyoyi uku ne aka fi bi. Akwai leza da ke fita daga rimot ɗin hannu ka nuna ka ja kunama, akwai taɓawa da yatsa kai tsaye kamar kana danna makunnin fitila, sai kuma ido da tsunkule, wanda Apple suka zo da shi a tabaransu na Vision Pro a farkon 2024, ka kalli abu ka haɗa babban yatsa da manuni. Su Apple sun ce wurin da ido zai zaɓa kar ya gaza maki 60 a awonsu, don ido ba ya tsayawa cak wuri ɗaya. Ga mai farawa ni leza nake ba shawara, XR Interaction Toolkit na Unity ya zo da ita a shirye, kuma mutum zai iya aje gwiwar hannunsa a cinya yana aiki da wuyan hannu kawai. Wannan ba ƙaramin abu bane. Ka gwada miƙe hannunka a iska na minti biyu kaji yadda kafaɗa zata fara zafi, to haka kake yi wa mutum in ka jera masa maɓallan taɓawa a saitin fuska. In dole sai taɓawa da yatsa, ka kawo su ƙasa wajen ciki, ka kwantar da su kamar teburin mai shayi, cikin inda hannu ke kaiwa ba tare da miƙewa ba.

Wani abu da leza da ba zaka lura ba sai ka kalli baƙo yana amfani da ita: lokacin da mutum ya ja kunama hannunsa na ɗan motsawa, a mita 2 kuwa ɗan motsin nan ya isa ya fitar da ɗigon daga kan ƙaramin maɓalli, sai ya danna ba abin da ya faru, ko ya danna na kusa da shi. Maganinsa manyan maɓallai da tazara, kuma ka sa wurin da ke karɓar dannawa ya ɗan fi abin da ido ke gani faɗi. Tun 1954 Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga abu ya danganta da nisansa da girmansa, kuma dokar bata canza ba don an shiga VR. Kar kuma ka jera "Goge" kusa da "Ajiye".

Kuma duk abin da aka taɓa ya amsa. A duniya in ka danna abu yatsanka na jin sa, a nan iska kake dannawa, to dole ka biya mutum da wani abu. Leza ta hau kan maɓalli, ya ɗan canza launi ya ɗan taso, rimot ya yi 'yar girgiza gajeriya. An danna, ya nutsa ciki, a ji ɗan sauti daga inda maɓallin yake, ba daga tsakiyar kai ba. Ukun nan tare, gani da ji da girgiza. In babu su zaka ga mutum yana danna abu sau uku yana tambaya ko ya shiga.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ka yi wa kanka kafin duk wannan, shin abin nan ma sai da allo? Waɗanda suka fi burge ni a harkar nan sun rage allo ne suka maida menu ya zama kaya. A Tilt Brush, manhajar zane a iska, kalolin da burusan suna jikin ɗaya hannun kamar mai zane riƙe da farantin fenti, ka juya hannu ka zaɓa da ɗayan. A Half-Life: Alyx da Valve suka fitar a Maris 2020 lafiyarka a bayan safar hannunka take, harsashi kuma ka kai hannu bayan kafaɗa ka ɗauko kamar daga jaka. Ba wanda ke buƙatar dogon bayani don jiki ya riga ya san yadda ake ɗaukar abu. In manhajar koyar da gyaran inji kake yi, sifana a kan benci ta fi maɓallin da aka rubuta "zaɓi sifana". Sai dai kar ka wuce gona da iri, abu kamar rage ƙara ko canza harshe allo na yau da kullum ya fi masa sauƙi. Kuma in ka sa menu a hannu ɗaya ka ba da damar juya shi, akwai bahagwai.

Mu dawo kan jirin nan da ya kama ƙanina, don menu ba shi kaɗai ke kawo shi ba. Kasan yadda wasu in suna karatu a waya cikin mota zuciyarsu ke tashi, kunne na cewa ana tafiya ido na cewa a zaune ake. VR juyin wannan ne, ido na ganin tafiya jiki na tsaye. Saboda haka kar ka taɓa motsa kyamara da kanka, kar ka girgiza ta, kar ka juya mutum don ya kalli abin da kake so, in kana son ya waiga ka kira shi da sauti ko haske daga can. Wajen zirga-zirga ka fara da tsalle, ya nuna wuri a ƙasa, gani ya ɗan yi duhu, ya buɗe a can. Juyawa ma a yi ta tsalle-tsalle, digiri 30 ko 45 a kowane turi. Masu son tafiya sumul ka basu a saituna, tare da duhunta gefen gani lokacin motsi kamar yadda Google Earth VR ke yi, yana rage abin sosai. Kuma waɗannan saitunan su fito tun a allon farko, kar ka binne su, wanda jiri ya kama ba zai tsaya nema ba cirewa zai yi.

Saurin hoto shima cikin dizayin yake ko da kana ganin aikin masu kod ne. In tabarau na sabunta hoto sau 72 a daƙiƙa kana da kamar milisakan 14 ka gama zana komai, in 90 ne kuma 11. Allo mai gilashi-gilashi da aka jera kala a kan kala, da inuwa, da hotuna manya, duk suna cin wannan lokacin a kan na'urar da cikinta kusan irin na waya ne. Da hoto ya fara tsinkewa mutum zai ji a cikinsa kafin ma ya gane da ido. Ko lokacin loda sabon wuri kar ka bari hoto ya daskare a fuska, ka yi duhu a hankali ko ka bar shi cikin wani ɗan fili marar nauyi da ke bin juyin kansa.

Sai ka tuna ɗakin da mutum yake ciki na gaske. Meta na ba da shawarar fili mita 2 da mita 2 ga mai yawo a tsaye, ɗakuna nawa ne a gidajenmu ke da wannan filin babu gado babu kujera? Ni nawa babu. Shi yasa nake tsara komai yadda za a iya yinsa a zaune, har da zaman tabarma, wato tsayin allo ya bi tsayin kan mutum lokacin da ya buɗe shi, kar ka kafe shi a mita 1.6 kace kowa dogo ne a tsaye. Kar ka sa abin da sai an miƙa hannu sama, akwai fankar silin. Kar ka sa abin da sai an ɗauko daga ƙasa ba tare da hanyar janyo shi daga nesa ba. In da hannu zalla ake sarrafa manhajarka ba rimot, ka sani kyamarorin jikin tabarau ne ke ganin yatsu, in aka ɗauke wuta ɗaki yayi duhu ko hannun riga ko hijabi ya rufe yatsun abin zai fara ɓata, to rimot ya kasance yana aiki a matsayin madadi. Maɓallin fita da na dawo da allo gaba kuma su kasance wuri ɗaya kullum.

Gwaji kuwa ba a kan kwamfuta ake yinsa ba, duk canjin da kayi ka sa tabarau ka gani, ko sau talatin ne a yini. Amma kai ka riga ka saba, cikinka ya daina tashi, don haka ka nemo wanda bai taɓa sawa ba. Ka gyara masa tazarar gilasan daidai idonsa tukuna, a Quest 2 matsayi uku ne, milimita 58 da 63 da 68, in ba haka ba zai ce rubutunka dishi-dishi ne alhali ba laifin rubutun bane. Ka haska abin da yake gani a waya, ka ba shi aiki ɗaya, misali "canza harshe zuwa Hausa", sannan ka yi shiru, kar ka taimaka masa ko da bakinka na ƙaiƙayi. Ka kalli wuyansa da kafaɗarsa fiye da yadda kake kallon wayar: in ya sunkuyo gaba rubutu yayi ƙanƙanta, in ya ja baya allo ya matso da yawa, in ya tallafe gwiwar hannu da ɗaya hannun maɓallai sun yi sama. Minti goma ya isa a karon farko, kuma ka gaya masa tun kafin ya fara cewa da yaji ɗumi a fuska ko miyau na taruwa a baki ya cire nan take kar ya daure don kunyarka, don mutanenmu akwai kara, zai iya cewa lafiya lau alhali kansa na juyawa. Bayan ya cire ka bashi ruwa, ka bari ya ɗan zauna, sannan ka tambaye shi ina ne ya tsaya yana neman abu bai gani ba, ka rubuta da kalmominsa yadda ya faɗa.